Rubutun da ke Bayan Lambar Abdulgani

Ya 'yan uwa Musulmi, an yi wani mutum a nan garin namu na N'Djamena, a unguwar Mardjandafak, ɗan kasuwa, Bahaushe irinmu. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi, waɗanda ba su san shi ba kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba. Ku da ke can baya kuna raɗa, na gan ku. Ku bar ƙoƙarin cankar ko wane ne, ku saurari abin da ya same shi.

Sana'arsa sayar da kayan da. Tsofaffin takubba, butocin tagulla, sirdin raƙumi, kuɗin da aka daina ci, duk abin da tsufa ya ƙara wa daraja za ka same shi a shagonsa. Masu sayensa yawanci baƙi ne, Turawan da ke aiki a ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci. Mutum ne mai daɗin baki. Yana jin Hausa, yana jin Larabci, Faransancin ma yana juya shi yadda ya so. Ba matalauci ba ne, ku riƙe wannan. Yana da mata da 'ya'ya, yana gina gida mai bene a unguwar Goudji. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya son a tambaye shi abu ya ce babu.

Mahaifinsa tsohon soja ne, cikin mazan jiya. Sunansa Falalu, amma duk unguwa Baba Kafaran ake ce masa, wato muƙamin da mutanen Najeriya ke kira kofur. Tun garin nan ana ce masa Fort-Lamy Faransawa suka rubuta shi soja, yana saurayi ko gemu bai fara ba. Sojan ƙasa ne, irin waɗanda ke tafiya da ƙafa da kaya a baya. Aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indoshin, wato yankin Biyetnam ta yau, daga can aka juyo da su Aljeriya. Ba yabon yaƙin Nasara nake yi ba, shi ma tsohon bai taɓa yabonsa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "An kai mu, mun je, Allah ya dawo da wasunmu." Iyakar labarin yaƙin da yake bayarwa ke nan.

Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu da lambobin yabo guda huɗu. Uku nasa ne. Yana ajiye su cikin wani tsohon gwangwanin shayi a ƙarƙashin matashinsa, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ya fito da su ya goge da toka da lemun tsami. Ko bayan da idonsa ya tafi bai fasa ba, da yatsa yake bin su.

Ta huɗun ba tasa ba ce. Ta abokinsa ce, Abdulgani, mutumin Damagaram, wanda suka ci kwano ɗaya tun daga Indoshin. A wani tsauni na Aljeriya harsashi ya sami Abdulgani a ciki, ya kwana biyu kafin rai ya yi halinsa. A watan nan ne wasiƙa ta zo masa cewa matarsa ta haihu, an sa wa yarinya Hansatu. Bai taɓa ganinta ba. Cikin kwana biyun nan ya ciro lambar da ya samo a Indoshin, ta tagulla mai takubba biyu a sarƙe, ya ɗauki bakin wuƙa ya rubuta sunan yarinyar da ajami a bayanta. Ya danƙa wa Falalu ya ce, "Ka kai wa ɗiyata. Ka ce mata hannun ubanta ne ya rubuta."

Ya 'yan uwa, shekara kusan sittin tsohon nan yana neman yarinyar. Da ƙafarsa ya je Damagaram sau biyu, aka ce uwar ta sake aure ta tashi, ba a san inda suka nufa ba. Duk direban da zai bi hanyar Nijar, duk ɗan kasuwar da ya sauka a Mardjandafak daga can, sai Baba Kafaran ya ba shi saƙo. Har ya zama abin tsokana a unguwa, a ce, "Baba, yau ba a ga Hansatu ba?" Ya yi dariya ya ce, "Tana tafe." Da ya ji idonsa ya fara dishi, sai ya kai lambar wurin baduku aka ɗinke ta cikin fata kamar laya, don kada ta faɗi a wani wuri ya kasa ganinta. Ya ce ba mai farke ɗinkin nan sai a gaban mai ita.

Mutumin namu ya san wannan duka. A cikin labarin ya girma, ya ji shi har ya gundure shi.

Wata rana wani Bature ya shigo shagonsa, cikin masu tara lambobin yaƙi. Akwai su, ya 'yan uwa, mutanen da ke jera lambobin matattu a akwatin gilashi suna kallo. Ya ce yana neman na sojojin Afirka na zamanin mulkin mallaka, na ainihi, waɗanda aka san ƙirjin da suka rataya. Ya ce ya zaga kasuwa bai samu ba, an ce masa in bai samu a nan ba to babu. Wannan maganar ce ta shiga kan mutumin namu. Bai ko yi jinkiri ba ya ce, "Akwai. Guda huɗu, kuma na san mai su."

A makon nan zazzaɓi ya kwantar da Baba Kafaran, aka kai shi asibiti. 'Yarsa Hamdiyya, ƙanwar mutumin, ita ce ke jinya. Makullin ɗakin tsohon yana hannun ɗansa. Da rana tsaka, uba yana can ana ƙara masa ruwa, ɗa ya buɗe ɗaki ya ɗaga matashi.

Kada ku ce zuciyarsa ba ta yi masa magana ba. Ta yi. Da ya ɗauki layar fatar nan sai da hannunsa ya tsaya. Amma Shaiɗan ba ya zuwa wa mutum da mummunar fuska, da hujja yake zuwa. Ya ce masa: yarinyar da aka nema shekara sittin ba a gani ba, ai ta mutu. Ya ce masa: tsoho makaho ne, ƙarfe kuwa ƙarfe ne. Ya ce masa: ba raba shi da su za ka yi ba, musanya za ka yi. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin irin wannan muryar ba?

Ya farke layar, ya kai lambobin huɗu wurin wani maƙerin fari a unguwar Moursal ya ce a zuba masa irinsu sak. Maƙerin gwani ne, kuma bai san komai ba, ya ɗauka kayan shago ne. Da ya juya ta huɗun sai ya ce, "Patron, akwai rubutu a bayan wannan. In sa shi?"

Mutumin ya leƙa. Shi dai ƙarce-ƙarce ya gani, don tun yana yaro ya fi son kasuwa da allo, kuma ɗan kasuwar lamba fuska yake dubawa. Ya ce, "Bar shi kawai. A ɗinke za ta zauna, wa zai gani?"

Aka zuba, aka shafa musu abin da ke sa sabon ƙarfe ya yi kamar tsoho, aka maƙala musu tsofaffin ƙyallayen da ake rataye lambobin da su. Ya sa aka ɗinke layar ta ramukan allurar farko. Baturen ya karɓi na ainihin yana murna, ya fi murna da mai rubutun. Bayan wata ɗaya aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu.

Baba Kafaran ya warke ya dawo gida. Juma'ar farko ɗan ya zo ya zauna kusa da shi. Tsohon ya buɗe gwangwani, ya ɗauki ta farko, ya shafa. Ya jujjuya ta a hannunsa. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku. Sai ya ce wa Hamdiyya ta miƙo masa toka, ya goge su kamar kullum, ya mayar. Mutumin ya fita yana cewa a ransa ya sha. Aka zuba dakalin benen Goudji, aka sa tagogi.

Wata bakwai aka yi a haka.

Sai ga wani direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Nijar da nan ya yi sallama a ƙofar Baba Kafaran. Ya ce saƙon da aka ba shi shekara uku da suka wuce ya isa. Ya ce akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a wani gari kusa da Damagaram, sunanta Hansatu, uwarta ta gaya mata ubanta soja ne, ya mutu a Aljeriya ba ta yi arba'in ba. Ya ce tana hanya, jibi za ta iso.

Tsohon nan ya yi kuka, ya yi dariya, ya sa aka yanka rago. Ya aika aka kira mazan jiya biyu da suka rage, da liman, da maƙwabta. Mutumin namu kuwa da labari ya same shi a shago, ya san asirinsa na gab da tonuwa. Kwana biyu yana da su, ya 'yan uwa. Kwana biyu cur Allah ya ba shi ya je ya durƙusa gaban ubansa ya faɗi gaskiya tsakaninsu su biyu. Bai je ba. Ya ce a ransa, matar da ba ta taɓa ganin abu ba ina za ta bambance?

Ranar isowarta, da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Baba Kafaran ya sa farar riga, ya maƙala lambobinsa uku a ƙirji. Hansatu ta shigo, tsohuwa ce ita ma, da furfura, da ƙurar hanya a mayafinta. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ni ce ɗiyar Abdulgani." Ya lalubi kanta ya dafa. Ya ce, "Muryarsa ce a bakinki." Babu wanda idonsa bai kawo ruwa ba a gidan nan.

Ya ba ta labarin ubanta, har da abin da bai taɓa ba kowa ba. Yadda yake raba gurasarsa, yadda yake kiran salla a ramin yaƙi da murya ƙasa-ƙasa, yadda ya yi ta shafa wasiƙar haihuwarta har takardar ta yi laushi. Sannan ya ce a ba shi reza. Ya farke ɗinkin da kansa, a hankali, ya zaro lambar. Ya ce, "Kawo yatsanki, 'yata, in ɗora miki a kan sunanki."

Ya juya ta, ya sa babban yatsansa a baya. Ya shafa. Ya sake shafawa. Sumul take kamar bayan cokali.

Tsohon ya daɗe riƙe da ƙarfen nan, sannan ya juya fuskarsa daidai inda ɗansa ke tsaye, kamar mai gani. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Waɗannan ukun na ƙirjina, tun ranar da na dawo daga asibiti na san ba su ba ne. Shekara sittin ina shafa su, ka ɗauka yatsana ma ya makance? Na yi shiru. Na ce nawa ne, kai ma nawa ne, na yafe maka tun a ranar. Ban farke wannan na duba ba, don ban taɓa zaton hannunka zai kai nan ba." Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, ɗana. Ba ni da ikon yafe ta."

Mutumin ya zube ƙasa yana rantse-rantse, zai nemo ta, zai sa a yi ta azurfa, zai yi wa Hansatu duk abin da take so. Dattijuwar ta dube shi, ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta ce, "Yaro, ni ba ƙarhe na zo ɗauka ba. Ban san huskar ubana ba, ban san kabarinsa ba. Kwana ukku na yi bisa hanya don in taɓa wurin da hannunsa ya taɓa." Ta karɓi lambar daga hannun tsohon, ta ajiye ta a kan tabarma, ta yi masa godiya, ta ce Allah ya saka masa da ya riƙe iyakar ƙarfinsa. Naman ragon nan maƙwabta aka rarraba wa, ba wanda ya zauna ci. Washegari ta hau mota.

Baba Kafaran bai ƙara buɗe gwangwanin shayin ba. Juma'a ta zo ta wuce, Hamdiyya ta kawo toka, ya ce ta mayar. Abin da ya riƙe shi a duniya shi ne ya sauke nauyin Abdulgani, sai ga shi ya isa ƙofar saukewa hannunsa wayam. In ɗan ya zo gaishe shi yana amsawa, don shi ba mai gaba ba ne, amma tambayarsa ɗaya ce kullum: "Ka samo?" Kafin wata uku ya rasu. Aka wanke shi, aka kai shi, ɗan yana cikin masu ɗaukar makara, mutane suna kawar da ido daga gare shi.

Yanzu ku ji yadda rushewa take zuwa, don ba kullum take zuwa da ƙara ba. Ba a kai shi kotu ba. Ba a ƙona shagonsa ba. Babu wanda ya yi shelar a ƙaurace masa. Amma mu Hausawan garin nan 'yan kaɗan ne, kuma da amana muke rayuwa a tsakanin mutane. Maƙwabcinsa na shago, wanda in zai tafi salla yakan ce masa "duba mini", sai ya koma jan ƙofa yana sa kwaɗo. Masu tafiya Kano da Maiduguri suka daina tambayarsa ko yana da saƙo, masu ba da saƙo suka daina ba shi. Da azahar in 'yan kasuwa suka kewaye tire ɗaya suna cin abinci, ya zo, a amsa sallamarsa da kyau, amma ba mai gyara zama. Ya tsaya kaɗan, ya ce ai ya ci, ya koma shago. Labarin lambobin jabu ya kai kunnen baƙin da ke saye a wurinsa, suka fara duban kowace takobi tasa da shakka, daga nan ƙafa ta ɗauke.

Matarsa ta jure shekara ɗaya. Ranar da aka fasa neman auren 'yarsu ba tare da an faɗi dalili ba, ta kwashe yaran ta koma gidansu. Hamdiyya takan aiko masa da abinci ranar salla, ita kanta ba ta zuwa. Ta ce ba ta ƙi shi ba, amma in ta ga fuskarsa sai ta ga yatsan babansu yana shafa ƙarfe.

Ya nemi Baturen. Da ƙyar ya sami lambar wayarsa, Baturen ya ce ya daɗe da sayar da su ta intanet, sun watsu, bai san hannun da suke ba. Ya tafi Damagaram neman gafara. Hansatu ta yi masa magana ta bayan labule. Ta ce, "Ka kawo?" Ya ce a'a. Ta ce, "To mi ka zo yi?" Ta sa aka ba shi ruwa da abinci, don baƙo ne, ya juyo. Bayan shekara biyu direban nan ya kawo labarin rasuwarta.

Yana nan da ransa. Ya bar Mardjandafak, yana zaune shi kaɗai a ɗaki guda na gidan Goudji, benen ba a rufa shi ba har yau, tsuntsaye ne ke kwana a sama. Abin da ya rage masa na kaya ya ƙarar wajen sayen lambobin yaƙi. Duk inda ya ji an ce ga wata tsohuwar lamba, a kasuwa ko a hoton waya, sai ya je. Ba ya duban fuskarta. Juya ta yake yi. Ya koma wurin malami da furfurarsa ya koyi ajami, don kada ya gan ta ya kasa ganewa, kuma kalma ɗaya ya fi iya karantawa. Na taɓa wucewa ta ƙofarsa da la'asar na hange shi a kan tabarma, lambobin matattun mutane baje a gabansa, duk a kife. Na yi sallama ya amsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na kasa tsayawa. Ko da zai same ta yau, wa zai kai wa?

Ya 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Zunubin da ke tsakaninka da Ubangijinka, in ka tuba da gaske, ƙofarsa a buɗe take. Haƙƙin iyayenka ma, sau da yawa suna yafewa tun kafin ka roƙa, kun ji yadda tsohon nan ya yafe uku bai ko buɗe baki ba. Amma amanar wani, mai ita ne kaɗai ke yafe ta, kuma mai ita ba zai zauna yana jiranka har abada ba. Mutumin nan bai ci amanar Hansatu kaɗai ba. Ya ci ta mamaci da ya rubuta sunan 'yarsa yana gargarar mutuwa, ya ci ta ubansa da ya tsare ta shekara sittin, a yaƙi da talauci da makanta, bai sayar ba.

To kai da ke zaune nan, me ke ajiye a wurinka? Saƙon da aka ba ka daga Maradi ka ce sai ka huta? Kayan marayan ɗan'uwanka da ka ce ai bai san da su ba? Takardar filin da aka ce ka riƙe? Kana cewa wa zai gani. Shi ma haka ya ce a gaban maƙeri. In yau Allah ya ba ka kwana biyu irin nasa, kada ka kashe su kana lissafin yadda za ka tsira. Ka tashi daga nan ka mayar wa mai abu abinsa tun yana da hannun karɓa.

Allah ya jiƙan Baba Kafaran da Abdulgani da Hansatu, ya haɗa uba da 'yarsa a inda ba a rabuwa. Shi kuma wannan bawa, Allah ya dubi nadamarsa ya sassauta masa. Allah ya tsare hannayenmu daga abin da ba namu ba, ya sa mu sauke amana kafin a sauke mu a kabari. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.